Sayen Kwamfutar Tebur: Haɗin Kamfani Ko Haɗin Gida?

BAUCHI. Duk ɗan kasuwar da ya ƙudurta sanya kwamfutar tebur a shagonsa ko ofishinsa, tambayar farko da yakan ci karo da ita a gaban dillali ita ce, ko yana son wadda kamfani ya haɗa ya rufe cikin kwali, ko kuwa yana son a sayo kayanta ɗaya bayan ɗaya a haɗa masa. A shiyyar Ɗan Iya ta birnin Bauchi, kamar sauran sassan garin, wannan tambaya ta shafi masu shagunan buga takardu da fotokwafi, da masu ɗab'in katunan biki da fastoci, da masu makarantu masu zaman kansu, da kuma masu kantunan magani da na sari waɗanda suka mai da lissafin hajarsu cikin na'ura. Mafi yawansu masu ƙaramin jari ne, don haka kuskure guda wajen sayen na'ura yana iya cinye ribar watanni.

Galibin masu saye sukan auna al'amarin da farashin ranar ciniki kaɗai. Sai dai farashin ranar ciniki kashi ɗaya ne kurum na abin da na'urar za ta ci. Akwai abubuwa uku da suka fi shi nauyi, wato irin aikin da za a yi da ita, da wanda zai ɗauki alhakin gyara ranar da ta tsaya, da kuma yawan wutar da take sha. A kan waɗannan uku ne ya kamata a gina shawara.

Asalin hanyoyin biyu

Dalilin da ya sa mutum yake iya haɗa kwamfuta da kansa, alhali ba ya iya haɗa talabijin ko firji, yana cikin tarihin na'urar. A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur, kuma saboda gaggawa bai ƙera kayan cikinta shi kaɗai ba. Ya sayo ƙwaƙwalwar sarrafawa daga kamfanin Intel, ya karɓo manhajar gudanarwa daga Microsoft, sannan ya wallafa bayanin yadda aka tsara na'urar. Da yake kowa yana iya sayen irin waɗannan kaya, ba a jima ba wasu kamfanoni suka fara ƙera makamanciyarta. Kamfanin Compaq ya fito da tasa a 1983, sa'annan a 1984 Michael Dell, yana ɗalibi a Jami'ar Texas, ya fara haɗawa yana sayarwa daga ɗakin kwanansa. A 1995 kuma Intel ya fito da ma'aunin da ake kira ATX, wanda ya daidaita girman babban allo da akwati da mahaɗan wuta, ta yadda kayan kamfanoni daban-daban suke shiga juna. Har yau da wannan ma'auni masu haɗin gida suke aiki.

A Nijeriya ma haɗin gida ne ya kai kwamfuta ƙananan ofisoshi da shaguna a shekarun 1990, lokacin da sabuwar IBM ko Compaq ta fi ƙarfin aljihun ƙaramin ɗan kasuwa. Kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, wadda ta bunƙasa a kewayen titin Otigba, ta zama babbar cibiyar da kayan haɗi suke fitowa zuwa sauran jihohi. Daga baya aka sami kamfanonin cikin gida masu haɗa na'ura da sunansu, kamar Omatek na marigayiya Florence Seriki, da Zinox wanda Leo Stan Ekeh ya ƙaddamar a 2001. Abin lura a nan shi ne, kamfanin da sunansa yake jikin akwati shi ma haɗawa yake yi, domin kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwa da ma'ajiya a duniya ba su da yawa. Abin da mai saye yake biya a haɗin kamfani shi ne gwajin da aka yi wa kayan tare, da kuma garanti guda da ya rufe su duka.

Abin da ke cikin akwatin

Kafin ɗan kasuwa ya shiga ciniki, lalle ne ya san manyan sassa shida da ke cikin akwatin. Na farko ita ce ƙwaƙwalwar sarrafawa, wadda masu sana'ar ke kira furosesa, kuma kamfanoni biyu ne suka mamaye kasuwarta, Intel da AMD. Na biyu shi ne babban allo, wanda kowane sashe yake maƙalewa a jikinsa. Na uku shi ne ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke riƙe aikin da take kai. Idan ya yi kaɗan sai na'ura ta riƙa nawa. Na huɗu ita ce ma'ajiyar dindindin, ko dai tsohon faifai mai juyawa ko kuma sabon nau'in da ake kira SSD, wanda ya fi sauri nesa ba kusa ba kuma ba shi da wani abu mai motsi a ciki. Na biyar shi ne katin hoto, wanda mai aikin ofis ba ya bukatarsa domin akasarin furosesa suna zuwa da nasu a ciki, amma mai tace bidiyo ko zanen gini ba ya rabuwa da shi. Na shida shi ne akwatin rarraba wuta, wanda yake karɓar wutar bango mai ƙarfin bolt 230 ya mai da ita ƙaramar wutar da sauran sassan ke bukata.

Waɗannan sassa ba kowanne ne yake shiga kowanne ba. Furosesar Intel ba ta zama a allon da aka yi domin AMD, kuma ko a cikin kamfani ɗaya mazaunin yana sauyawa daga zamani zuwa zamani. AMD ya fito da mazaunin AM4 a 2016, ya biyo da AM5 a 2022, kuma allon AM5 ba ya karɓar ram nau'in DDR4 sai DDR5. Wanda bai san wannan ba yana iya sayo kaya biyu masu kyau da tsada, ya iso Bauchi ya tarar ba sa haɗuwa.

Haɗin kamfani

Babban amfanin haɗin kamfani shi ne alhaki yana wuyan mutum ɗaya. Sabuwar HP ko Dell ko Lenovo takan zo da garantin shekara ɗaya, wasu nau'o'in ofis kuma har shekara uku. In ta ƙi tashi, mai ita ba ya bukatar sanin sashen da ya lalace, nasa kawai ya mai da ita. Bugu da ƙari, nau'o'in da aka yi domin ofis, irin su OptiPlex na Dell da ProDesk na HP da ThinkCentre na Lenovo, an tsara su ne domin su yini a kunne ba tare da shan wuta mai yawa ba. Da yawansu kuma suna zuwa da lasisin Windows a ɗaure cikin allon, ko da yake akwai waɗanda ake sayarwa babu shi domin a rage farashi, saboda haka wajibi ne mai saye ya tambaya.

Amma akwai illoli biyu. Na farko, garanti yana da amfani ne gwargwadon kusancin wurin da za a cika shi. Cibiyoyin gyara da kamfanonin suka amince da su sun fi yawa a manyan birane irin su Legas da Abuja, kuma na'urar da aka shigo da ita ta bayan hanyar dillalan kamfani tana iya kasancewa garantinta na wata ƙasa ne. Ana iya tabbatar da hakan ta hanyar shigar da lambar jikin na'urar a shafin intanet na kamfanin tun kafin a biya kuɗi. Illa ta biyu ita ce, a ƙananan akwatuna kamfanonin sukan yi amfani da akwatin wuta da allo masu siffa ta musamman. Idan akwatin wutar irin wannan na'ura ya ƙone bayan garanti ya ƙare, na kasuwa ba zai shiga gurbinsa ba, sai an nemo ainihin irinsa, wanda yakan ɗauki kwanaki ana jiran saƙo daga Kano ko Legas. Haka nan ƙarancin fili da ƙarancin wutar irin wannan akwati ba sa barin a ƙara babban katin hoto.

Haɗin gida

Amfanin haɗin gida shi ne mai kuɗi yana zuba kuɗinsa inda aikinsa yake bukata. Mai ɗab'i yana iya sayen ram mai yawa da katin hoto mai ƙarfi, ya rage kashe kuɗi a kan ƙawar akwati. Tun da dukan sassan suna bin ma'auni ɗaya, duk wanda ya lalace ana samun madadinsa a shagon kayan kwamfuta a canza shi a rana ɗaya. Har ila yau na'urar tana girma tare da kasuwancin, domin bana a ƙara ram, baɗi a ƙara ma'ajiya, ba sai an sayi sabuwa ɗungurungum ba. Waɗanda suka haɗa na'ura a kan mazaunin AM4, alal misali, sun sami shekaru suna sauya furosesa ba tare da sun taɓa allon ba.

Haɗarinsa kuwa yana wajen rarrabuwar alhaki. Sassa shida suna iya fitowa daga shaguna uku, kowane da nasa sharaɗi. Ranar da na'ura ta fara mutuwa da kanta, mai allo zai ce laifin ram ne, mai ram ya ce laifin akwatin wuta ne, mai haɗawa kuma ya ce shi abin da aka kawo masa ya haɗa. Akwai kuma matsalar jabun kaya da tsofaffin da aka goge aka mayar cikin kwali. Wurin da masu haɗi suka fi yin tsimi shi ne akwatin wuta, domin mai saye ba ya tambayarsa, alhali shi ne sashen da in ya ƙone yake iya tafiya da allo da ma'ajiya gaba ɗaya. Akwatin wuta mai ɗauke da shaidar 80 PLUS, tsarin da aka fara a 2004, yana nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga na'ura, sauran ne kawai ke zama zafi. Daɗin daɗawa, haɗin gida ba ya zuwa da lasisin Windows, kuma dole a sa kuɗinsa cikin lissafi. Manhajar sata da ake ɗorawa kyauta takan zo da ƙwayoyin cuta, wanda babban haɗari ne ga shagon da ke riƙe bayanan jama'a ko yake hulɗar banki da na'urarsa.

Tsohon zancen cewa haɗin gida ya fi araha kullum ya daina zama gaskiya a ƙananan na'urori. Manyan kamfanoni suna sayen sassa dubbai a lokaci ɗaya da rangwamen da mai sayen ɗaiɗai ba zai samu ba. Tun bayan da Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, har Dala ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024, farashin kowane sashe ya riƙa sauyawa cikin makonni, ta yadda mai tara kaya sannu a hankali yakan tarar da kasafinsa ya rushe kafin ya kammala. A ƙarshen 2025 kuma farashin ram ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya, sakamakon yadda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka riƙa kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. Rangwamen haɗin gida ya fi fitowa ne a manyan na'urori masu katin hoto.

Hanya ta uku

A zahiri, na'urar da ta fi yawa a ƙananan shagunan Arewa ita ce ta hannu, wato haɗin kamfanin da ofisoshin Turai da Amurka suka yi amfani da shi 'yan shekaru suka sayar. Irin waɗannan suna da ƙwari, suna da araha, kuma da yake sun yi yawa a kasuwa, kayan gyaransu ba sa wuyar samu kamar na sababbin nau'o'i. Sai dai akwai abin da ya wajaba a kiyaye. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da waɗanda suka shiga tsarin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa, wanda ya fito a 2021, yana bukatar guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a hukumance yana karɓar furosesar Intel ne daga zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 na AMD zuwa sama. Ke nan wanda ya sayi na'ura mai zubi na huɗu ko na shida saboda arha, ya sayi abin da ba zai riƙa samun gyaran tsaro ba. Sunan Core i5 ko Core i7 kaɗai bai isa shaida ba, lambar da ke biye da shi ce take nuna zubin. Ana iya ɗora wa tsohuwar na'ura manhajar Linux kyauta, amma CorelDRAW, wadda masu ɗab'i suka dogara da ita, ba a yi ta domin Linux ba.

Wuta da zafi da ƙura

Birnin Bauchi yana ƙarƙashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Jos tun bayan sayar da kadarorin PHCN a 2013, kuma 'yan kasuwa ba su manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layuka ta jefa akasarin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Saboda haka yawan wutar da na'ura ke sha batu ne na riba da hasara. A ɗauka ƙaramar na'urar ofis tare da monitarta tana jan wat 60, babba mai katin hoto kuma tana jan wat 350 idan tana cikin aiki mai nauyi. Idan kowacce ta yi awa 10 a rana, kwana 26 a wata, ta farko za ta sha yunit 15.6, ta biyu kuma yunit 91. Bisa farashin Naira 225 a kowane yunit da hukumar NERC ta sanya wa 'yan rukunin A a watan Afrilu na 2024, kuɗin ya kama Naira 3,510 da kuma Naira 20,475. Bambancin ya haura Naira 200,000 a shekara. Ga mai janareta kuwa, tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowane yunit ya fi haka tsada.

Ga mai sola da inbata ma lissafin a fili yake. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da kimanin wat-awa 2,400, kuma idan irin na dalma ne, rabin wannan kawai ake so a ja domin ya daɗe. Rabin zai riƙe ƙaramar na'urar kusan awa 20 a lissafi, babbar kuwa kusan awa uku da rabi. Sayen na'urar da ta fi ƙarfin aikin da ake yi yana jawo sayen ƙarin batir da faranti da ba a shirya musu ba.

Kowace hanya aka bi, wajibi ne a sa kuɗin UPS da sitabilaiza cikin kasafi, domin garantin kamfanoni ba ya ɗaukar ɓarnar da hauhawar wuta ta yi. Haka kuma ƙurar hunturu tana toshe fankoki, sai zafin watannin Maris da Afrilu ya tarar da na'ura ba ta shaƙar iska. Ɗaga akwati daga ƙasa, da hure shi da bulowa kowane wata biyu ko uku, yana ƙara masa shekaru.

Misalai biyu

A ɗauka akwai mai shago a Ɗan Iya wanda aikinsa shi ne buga takardun ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da cike takardun neman aiki, da koya wa yara amsa tambayoyi a na'ura, tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015. Wannan aiki ba ya bukatar katin hoto. Abin da ya dace da shi shi ne haɗin kamfani nau'in ofis, sabo ko na hannu mai zubi na takwas zuwa sama, da ram gigabait 8 ko 16, da ma'ajiyar SSD. In na'urori da yawa zai saya, gara su zama iri ɗaya, domin wadda ta mutu ta zama kayan gyaran sauran. A ce yana samun Naira 15,000 a rana, aka kuma rage masa Naira 40,000 ta hanyar haɗi mai rahusa, to kwana uku na zaman jiran gyara sun cinye rangwamen har da ɗori. Araha ba ta ado.

A ɗauka kuma akwai maƙwabcinsa mai tace bidiyon bukukuwa da zana manyan allunan talla. Shi ƙaramar na'urar ofis za ta sa aikin awa ɗaya ya ɗauki yini, kuma sabuwar babbar na'urar kamfani mai irin ƙarfin da yake so tana da tsada ƙwarai. Wannan shi ne wanda haɗin gida ya dace da shi, muddin yana da amintaccen mai haɗi a cikin gari wanda zai same shi idan matsala ta taso.

Kafin a biya kuɗi

Mai sayen haɗin gida ya nemi mutum ɗaya ya sayo kayan ya kuma haɗa, domin alhaki ya tattaru wuri guda. Ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan kowane sashe da lambarsa da tsawon garantinsa, ya ajiye kwalayen, kuma a buɗe su a gabansa. Ya bar na'urar tana aiki mai nauyi na wasu awoyi a shagon mai haɗin kafin ya ɗauka. Mai sayen ta hannu ya kunna ta ya duba bayanin furosesa da ram a cikin na'urar kanta, kada ya dogara da takardar da aka liƙa a jiki, sannan ya nemi wa'adin gwaji a rubuce. Mai sayen sabuwa ya tambayi dillali inda za a kai ta in ta lalace, da wanda zai biya kuɗin mota. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mai da kaya mai aibi, amma ba tare da rasit ba da wuya ya kafa hujja.

Daga ƙarshe, ko wace iri aka saya, bayanan da ke cikinta sun fi ta daraja. Littafin bashi da lissafin haja da ayyukan abokan ciniki ba su da garanti a wurin kowane kamfani. Ya kamata a riƙa kwafe su kowane mako zuwa wata ma'ajiya ta waje, a ajiye ta a gida, nesa da shagon.